Kada ne ko guza? Amsa ga mai fatsa a tafkunan Damagaram

Tambaya: "Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan Zinder ne, ranakun hutu nakan ɗauki fatsa in nufi tafkunan wajen Mirya, wani lokaci har Gidimuni. Kwanan baya wani abu ya ratsa ruwa a gabanmu da kai a sama, abokina ya rantse kada ne. Akwai kuma agwagin da ke cika ruwa lokacin sanyi, da zafi ya shigo sai a neme su a rasa. A hanyar dawowa da magariba mukan ga wata dabba mai kama da ƙaramin kare. Kakana kuma yana cewa a zamaninsu barewa har bakin tafki take zuwa. Me ya rage a dajinmu yanzu, wanne ne ke da haɗari, kuma in na samu dama zan iya kamawa?"

Ina amsawa, ɗana. Na daɗe a aikin gandun daji a jihar nan, kuma duk wanda ya zo mini da labarin ya ga wata dabba, kafin in tambayi kamanninta sai na tambaye shi a wane ruwa, kuma a wane wata. Yawancin gardamar da ake yi a bakin tafki waɗannan biyun ne ke raba ta. Dalili kuwa, jihar Damagaram ba ta da kogin da ke gudu shekara zagaye. Abin da muke da shi tafkuna ne da fadamu irin na kwarin Korama, waɗansu suna riƙe ruwa har damina ta zagayo, waɗansu kuma kafin watan Maris sun koma busasshen taɓo. Ruwan saman da birnin Zinder ke samu a shekara yana wajejen milimita 400, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Shi ya sa tafki a ƙasarmu zango ne: mazaunansa na dindindin kaɗan ne, mafi yawa baƙi ne masu sauka su tashi, kowa da lokacinsa.

Abin da ya ratsa ruwa da kai a sama, ni a ganina guza ne, kuma bayaninka ne ya nuna haka. Kada ba ya ɗaga kai in yana iyo. Idanu biyu da ƙofofin hanci kawai yake bari a waje, wani lokaci da ɗan layin ƙayoyin bayansa, kuma in ya ji motsi nutsewa yake yi a hankali, ruwa bai ko girgiza ba. Guza kuwa yakan miƙe wuya, ya maƙale ƙafafu a jikinsa, ya riƙa kaɗa wutsiya hagu da dama, ka ga ruwa na tsagewa a bayansa. In ya fito tudu za ka ga yana fiddo harshe mai baki biyu, yana da ɗigo-ɗigon rawaya a jere a gadon baya, kuma in ka matsa ko dai ya ruga da gudu ya faɗa ruwa da ƙara ko ya haye itace. Kada ba ya fiddo harshe. Babban guza yakan kai tsawon mita biyu in an haɗa da wutsiya, don haka ba laifin abokinka ba ne da ya tsorata.

In kana son yanke gardamar gaba ɗaya, ka duba taɓo da sassafe kafin shanu su tattake shi. Sawun guza yatsu biyar ne dogaye masu farata, gaba da baya, da siririn zane mai lanƙwasa a tsakiya inda wutsiya ta ja. Ƙafar kada ta baya yatsu huɗu gare ta, da fata a tsakaninsu, kuma inda ya kwanta shan hantsi za ka tarar da wuri mai faɗi ya yi sumul, da hanyar da yake sulalewa zuwa ruwa. Da dare in aka haska tocila a kan ruwa, idon kada yakan mayar da haske ja ko ruwan lemo. Masunta na gaskiya sun san wannan tun kafin mu je makaranta mu koyo shi.

Wannan ba yana nufin babu kada a jihar ba. A Gidimuni akwai shi, mutanen garin da masu lambu a gefen tafkin sun sani, kuma nan ne wurin da tambayar "a wane ruwa" take da muhimmanci. Tafkin Gidimuni yana samun ruwa daga maɓuɓɓugai, ba ya ƙafewa, yana da kacalla mai duhu, ga kifi. Ƙaramin tafkin da ke bushewa tun Fabrairu ba zai riƙe babban kada ba, sai dai ya ratsa shi da damina. Kadan da ke yawancin ruwayen Sahel, binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2011 ya nuna jinsi ne daban da babban kadan kogin Nilu da na gabashin Afirka, ya fi shi ƙanƙanta, kuma bai kai shi faɗa ba. Amma kada ka ɗauki wannan a matsayin lasisi. Macen da ke gadin ƙwai ko ƴaƴa ba ta san wasa ba, akuya ko yaro ƙarami a bakin ruwa kuma ba su fi ƙarfinsa ba. A irin wannan tafki kada ka tsaya cikin ruwa har gwiwa da magariba ko da asuba, kada ka yanka kifi ka zubar da kayan ciki a daidai inda kake zama kullum, domin da hannunka kake koya masa wurin. Ka kuma gaida sarkin ruwa ko dattawan masunta kafin ka jefa ƙugiya a ruwan da ba ka sani ba. Ladabi ne, kuma su ne za su ce maka kaza gefe ba a tsayawa.

Guza shi ne ɓarawon da masu taru da masu mamari suka fi kuka da shi. In ka ɗaga taru ka tarar da ƙarfasa an cinye mata ciki an bar kai, ko an yage raga, yawanci aikinsa ne, wani lokaci kuma na kififiya. Ita kififiya bakinta kaifi gare shi, tana cinye abin da aka sa a ƙugiya ta bar ka kana jiran banza. Amma guza yana da ranarsa: yana tone ƙwan kada ya sha, yana cin ɓeraye da mushe. Ɗan'uwansa damo, sarkin haƙuri, ba na ruwa ba ne. A tudu yake, gajere mai kauri, da damina yake yawo yana cin ƙwari da katantanwa, rani kuma ya shige rami ko kogon itace ya yi shiru har wata da watanni. In ka ga wani a gona cikin Agusta, damo ne. In a bakin ruwa ne cikin Afrilu, guza ne.

Maganar agwagi ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin iri biyu ne suke cakuɗe a idonka. Akwai na gida, wato ƴan Afirka. Kirinjijiya ce kan gaba, mai farar fuska da dogon wuya, wadda ke tsayawa a miƙe a bakin ruwa, in sun tashi garke guda ka ji suna fito sau uku-uku. Ita da damina take ƙwai cikin ciyawa, sannan in ƙananan ruwaye sun ƙafe sai su taru a manyan tafkuna. Akwai dinya, baƙa da farin ciki, wadda ta fi kowace agwagwar daji a Afirka girma, tana da ƙaya a gaɓar fiffike da take faɗa da ita. Waɗannan ba su bar nahiyar ba, sauya ruwa kawai suke yi, daga namu zuwa fadamun Haɗeja da Nguru ko tafkin Cadi.

Sai kuma baƙi na nesa, su ne waɗanda kake cewa suna ɓacewa. Ƙananan agwagi ne masu ruwan ƙasa, namijin wani iri yana da farin zane daga ido zuwa ƙeya, wani irin kuma yana da dogon wuya da wutsiya mai tsini. A Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. In sanyi ya fara daskarar da ruwayen can, sai su tsallako tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka mana daga wajejen Oktoba, su juya a Maris. Tare da su akwai tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki da ke tsattsagar taɓo a gefen ruwa, da wani shaho mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan kacalla yana neman ɓera da ɗan tsuntsu, da wani babba mai farin ciki da ke faɗowa daga sama ƙafafu a gaba ya cafke kifi. In ka lura, tafiyarsu ta zo daidai da lokacin da tafkunanmu ke janyewa. Suna zuwa ruwa na cike bayan damina, abinci ya wadata, suna barinsa sa'ad da ya fara ƙanƙancewa.

Saboda waɗannan baƙin ne duniya ta san da wasu tafkunanmu. Yarjejeniyar kare dausayi da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987. An sa tafkin Lasuri cikin jerinta a 2005, na Gidimuni kuma a 2019. Lasuri wuri ne da ya kamata ka je ko sau ɗaya cikin Disamba ko Janairu, ruwa ne marar zurfi da bagaruwa da giyayya suka kewaye, kuma a irin wannan itatuwa masu tsayuwa cikin ruwa ne zalɓe da balbela ke kwana. A tsakiyar Janairu na kowace shekara ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci guda, aikin da aka fara tun 1967. Masu ƙidayar kwana ɗaya ko biyu suke yi a tafki su wuce. Mai fatsa kuwa yana zaune shiru tun asuba, mako bayan mako, ba ya motsi, har tsuntsu ya manta da shi. Babu wanda ya kai shi gani. Abin da ke ɓata shaidarsa kawai shi ne rashin rubutawa, bayan wata uku sai labarin ya zama "wata rana na ga wani abu". Ka riƙa sa kwanan wata da sunan tafki a wayarka, ka ɗauki hoto ko da daga nesa ne, ka kiyasta yawansu. In ka tarar da mataccen tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, ka kwafe lambar da rubutun da ke jiki ka kai wa ma'aikatan gandun daji. Ba asiri ba ne, ba kuma leƙen asiri ba ne, alama ce da masu bincike suka sa don su san inda tsuntsun ya bi.

Sa'ad da baƙin Turai ke tafiya, wasu na shigowa daga kudu. Shamuwa ce uwar tafiyar. Tana isowa wajejen Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya ko gawo a tsakiyar gari, ba ta gudun mutane domin ba a taɓa ta, kuma manomi ya san in ta sauka lokacin sharar gona ya yi. Da kaka take tattara ƴaƴanta ta tsallake zuwa kudancin nahiyar, inda damina ke farawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Mutane na ɗaukarta tsuntsuwar ruwa, alhali abincinta fara ne da tsutsa da sauran ƙwari. Amfaninta ga mai gero ya fi a faɗa. Shirwa ma da damina take yawaita. Don haka in wani ya ce maka ya ga shamuwa garke guda a tafki cikin Janairu, ka tambaye shi launinta. Mai yiwuwa farar nan ce ta Turai mai jan baki da jajayen ƙafafu, wadda ta fi tamu girma.

Sauran na kullum ka riga ka san su ko ba a faɗa ba: zalɓe da ke tsaye shi kaɗai yana jiran kifi ya iso, zakaran ƙeƙuwa da ke tona maka asiri da ihu tun kana nesa, kazar ruwa cikin kacalla, da ɗan tsuntsun nan mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana karkaɗa fiffike kafin ya faɗa wa ɗan kifi. Shi wannan na ƙarshen ka riƙa kallon inda yake yawan faɗawa, domin inda ƙananan kifi suka taru manya ba sa nisa. Wanda nake so ka sanar da ni in ka gani shi ne gauraka. A da kukansa na cikin abin da ake ji a fadamu, yanzu ya yi wuya, kuma babban dalili kama shi ake yi da rai a kai gidajen masu hali ya zama ado.

Akwai abin da ke canza irin tsuntsun da za ka gani a tafki ba tare da kowa ya harba bindiga ba, shi ne kacalla. In ta mamaye gefen ruwa, buɗaɗɗen taɓon da masu dogayen ƙafafu ke kiwo a kai sai ya ɓace, su ma su daina sauka. Kazar ruwa da macizai su samu gida, janbaki kuma ya samu wurin kwana, daga nan yake tashi da safe dubbai ya faɗa wa gero da dawa. Masunci ya rasa inda zai ja taru. Ga yashi da iska da ruwan sama ke turowa yana cike gindin tafkin kowace shekara. In ka ga tafkin da ka saba ya rage baƙi, kafin ka zargi maharba ka duba ko akwai sauran fili a bakinsa.

Kifi ma namun daji ne, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Gaiwa tana da huhu. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta da yauƙi ya bushe ya zama kwanso, ta bar ƴar ƙofar shaƙar iska, ta kwanta har ruwa ya dawo. Maganar da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci tana da tushe, domin da naman jikinta take rayuwa a wannan kwanciya. Tarwaɗa ma tana shaƙar iska, shi ya sa take jure ruwan da ya yi kauri, har takan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare zuwa wani ruwan. Ƙarfasa ba ta da wannan baiwa. Sanin haka zai yi maka amfani ranar da ka iso da asuba cikin bazara ka tarar da kifi sun taso sama suna buɗe baki, wasu sun juya ciki. Ruwa mai zafi, marar zurfi, mai kore, iskarsa kan ƙare cikin dare, kuma gab da fitowar rana abin ya fi tsanani. In ƙarfasa da giwan ruwa ne suka mutu, tarwaɗa na nan garau, kwaɗi na kuka, to ƙarancin iska ne. In kuwa har da tarwaɗa da kwaɗi da ƙwarin ruwa, ko ka ga zalɓe ko balbela a kwance, ka zargi guba, ko dai maganin feshin lambu da ya gangaro, ko wani ya wanke famfon feshi a tafkin, ko kuma mugun da ya zuba da gangan. Irin wannan kifin ba a ci, ba a sayarwa, a sanar da hukuma. Haka tsuntsayen da ka tarar sun mutu da yawa wuri ɗaya, kada ka taɓa su, kada ka kai gida. A garin Magarya ne aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, cikin Fabrairun 2006, kuma a jikin agwagin gida aka same ta.

Dabbar magariba kuwa, ɗaya ce cikin biyu. In tsayinta ya kai na matsakaicin kare, ƙafafu dogaye, tana tafiya da sassarfa tana waiwaye, dila ne. In ƙarama ce ƙwarai, ruwan yashi, da manyan kunnuwa da doguwar wutsiya mai gashi da baƙi a ƙarshenta, yanyawa ce. Ta gonakinmu tana haƙa ramuka masu ƙofofi da yawa a jigawa, iyali guda a ciki, tana cin ƙwari da ɓeraye da ƴaƴan itace. Wadda ake nunawa a hotuna da kunnuwa fiye da kai ta can arewa ce, cikin rairayin hamada. Dukansu biyu gudunka suke yi. Wanda za ka ji tsoro shi ne dilan da bai gudu ba, wanda ya nufo ka da rana tsaka ko yake tangaɗi, domin alamar ciwon haukan kare ce. In ya yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na kamar minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura, kada a jira a ga alama, domin in alama ta fito babu magani. Ban da su za ka ci karo da zomo, kurege, bushiya, gafiya, tunku, muzurun daji, fakara da zabin daji inda ba a matsa musu ba, da jan biri wajen duwatsun gabas.

Da za a tambaye ni abin da ya fi cutar da masu zuwa tafki, kada ba zai zo na ɗaya ba. Kububuwa ce, wadda sau da yawa ba ta kai tsawon kamu ɗaya da rabi ba. Da dare take fita, tana kwanciya a kan hanya ko ƙarƙashin tarin kara, in ta ji ka sai ta naɗe tana goga jikinta yana ba da sauti. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja. Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa inda ake da allurar kashe dafi. Kumurci mai tofi kuma ido yake nema, maganin farko ruwa ne mai yawa, a yi ta wankewa, sannan likita. Mesa ba ta da dafi, ka ba ta hanya ta wuce. Takalmi rufaffe da tocila sun fi kowane laya a hanyar dawowa. Na biyu shi ne wanda ba a gani, tsargiya. Ƙananan katantanwar da ke manne a bado da ciyawar ruwa su ke ɗauke da tsutsarta, tana huda fata ta shiga yayin da kake tsaye cikin ruwa. In ka ga jini a ƙarshen fitsari ka je a gwada, maganinta ƙwaya ce. Kurkunu dai Allah ya raba mu da shi, an tabbatar wa Nijar da haka a 2013, bayan ya daɗe yana kwantar da mutane a ƙauyukan Mirya.

Kakanka gaskiya ya faɗa. Barewa mai jan goshi ta zauna a dajin da yau ya zama gonaki, haka gadu da kura, jimina kuma tana yawo a arewa, har gashinta ya zama babban kayan da fatake ke ɗauka daga Zinder zuwa Tarabulus a ƙarni na 19. Abubuwa da yawa suka taru suka kore su: farin 1973 da na 1984, gonaki da suka haɗe babu sauran saura, bindiga da mota, da gubar da aka riƙa sa wa mushe don kashe kura da dila, wadda ta haɗa da ungulu. Abin da ya rage na manyan dabbobi ya koma can arewa maso gabas. Gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, shi ne mafakar barewar hamada, da babbar barewa mai fari da ja, da ragon dutse, da farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da masana ke kira adaks, wadda a wani binciken da aka yi a 2016 uku kacal aka gani. A Kelle, cikin ƙasar Gure, ana kiwon jimina mai jan wuya da niyyar mayar da ita daji. Duwatsun Kutus da ke wajen har yanzu ungulaye na sheƙa a cikinsu, amma su ma ana bin su don sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu. Wata ungulu da aka saka wa na'ura a ƙasar Girka a 2013 ta tsallake teku da hamada lafiya, ta zo aka harbe ta a nan ƙasarmu a 2014. Dorina da ayu kuwa ka cire su daga lissafi, na manyan koguna ne irin kogin Kwara. In wani ya ce ya gan su a tafkin Mirya, saniya ce ta shiga ruwa.

Ba komai ne ya lalace ba. A Mirya da Magarya da Matamaye manoma sun bar gawo da sauran itatuwa suna tsirowa cikin gonaki tun daga shekarun 1980, har aka kiyasta kadada wajen miliyan 5 sun farfaɗo a faɗin ƙasar. Itatuwan ba su dawo da barewa ba, amma kurciya da cilakowa da mujiya da ƙananan tsuntsayen da ke zuwa daga Turai sun samu wurin sauka.

Batun kamawa, dokar farauta da kare namun daji mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ce ba a farauta sai da takardar izini, ta hana guba da wuta da farautar dare da fitila, kuma akwai dabbobin da ko da takarda ba a taɓa su, cikinsu har da kada, jimina, gauraka, ungulu da adaks. Fatsa ba ta ba ka iko kan abin da ba kifi ba. Kamun kifi ma yana da nasa izini, ka nemi bayani a ofishin gandun daji na gundumar da tafkin yake, ka kuma guji gidan sauro da raga mai ƙananan ido, domin su ke kwashe ƴaƴan kifin da ku da tsuntsaye kuke jira.

Abin da zai fi faruwa da kai shi ne dabba ta kamu ba da niyyarka ba. In kififiya ce ta haɗiye ƙugiya, kada ka ja da ƙarfi, ka riƙe ta ta bayan ƙwarya nesa da bakinta, ka yanke zaren kusa da baki gwargwadon iko, ka sake ta. In tsuntsu ne, musamman zalɓe, ka fara rufe masa kai da riga ko rawani, ka kama bakin da hannu ɗaya ba tare da toshe hancin ba, domin ido yake sara, sannan wani ya warware zaren. Guza a cikin taru a danne wuyansa da sanda mai baki biyu, a kula da wutsiya da farata, a yanke ragar da ta naɗe shi. In kada ne, ko ɗan ƙarami, ka ja da baya ka kira masunta da ma'aikatan gandun daji, uwar tana iya kasancewa kusa. Tsohon zare da ƙugiyoyin da suka karye kuma ka zuba su a aljihu ka tafi da su gida, domin zaren leda ba ya ruɓewa, kuma shi ne ke naɗe ƙafar tsuntsu har ta guntule.